Jinyar Gida Bayan Tiyatar Kansar Furostet: Daga Ranar Sallama Har Komawa Kasuwa

Tun da na taɓa maganar kansar furostet, wato ɗan ƙullutun naman nan da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, mutane suke ta tambayata abu ɗaya. Wasu 'ya'ya ne da aka yi wa mahaifinsu aiki, wasu matan aure ne, wasu kuma su ne da kansu amma sai su ce wai wani abokinsu ne. Tambayar dai ita ce, an yi tiyata lafiya, an sallamo mu, toh yanzu sai me? Yaushe za a cire robar fitsari, me zai ci, yaushe zai koma shago, ya maganar sallah, ya maganar iyali. Ga shi nan daki-daki yadda abin yake tafiya. Amma fa duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi aikin, tasa za a bi, don shi ne ya ga abin da ke ciki.

1. Fara sanin aikin da aka yi maka

Ba duk wanda aka ce an yi masa aikin furostet ba ne aka yi masa abu ɗaya. Akwai wanda aka cire masa furostet ɗin gaba ɗaya saboda kansar ba ta bazu ba. Akwai wanda aka kankare masa ta hanyar fitsari don kawai fitsari ya samu hanya. Akwai kuma wanda cutar ta riga ta yi nisa sai aka cire masa 'ya'yan maraina don a rage sinadarin maza da kansar ke rayuwa da shi. Wannan jagorar ta na farkon ce, duk da na biyun ma zai tsinci abin amfani.

Furostet tana ƙarƙashin mafitsara ne, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. In aka cire ta dole likita ya janyo mafitsara ya ɗinke ta da ragowar hanyar fitsarin. Wannan ɗinkin na ciki shi ne duk abin da ake lallaɓawa. Ciwon da kake gani a mara zai kame cikin sati 2, ka ji garau, ka ɗauka an gama, alhali na ciki kamar simintin da aka zuba jiya ne, sama ta bushe ciki ɗanye, yana buƙatar wajen sati 6. Ko yanka aka yi maka a ƙasan cibiya, ko ƙananan huda aka yi da kyamara irin wanda wasu ke zuwa Legas ko Indiya ko Masar a yi musu, ɗinkin cikin dai iri ɗaya ne. Masu huda sun fi saurin miƙewa, shi ya sa ma su suka fi yin ganganci.

2. Kafin ku bar gadon asibiti

Ranar sallama kowa Allah-Allah yake a tafi gida, ana ta naɗe tabarma da kwanuka, sai an isa gida a fara kiran waya ana tambayar abin da ya kamata a tambaya tun a can. A samu mutum ɗaya a gidan, ɗa ko 'ya mai natsuwa, ya riƙe biro da littafi ya rubuta: wace rana za a cire roba kuma a wane ɗaki, wace rana za a cire zare, yaushe sakamakon naman da aka kai gwaji zai fito kuma wa zai karɓo, in matsala ta taso da dare ina za a nufa. Ko a Asibitin Malam Aminu Kano aka yi, ko a asibitin mafitsara na Abubakar Imam, ko a na kuɗi, ku san ƙofar da za ku buga ƙarfe 2 na dare tun rana tana sama.

A nuna wa likita duk magungunan da Baba yake sha tun kafin aiki, na hawan jini, na suga, musamman masu tsinka jini irin su aspirin da clopidogrel da warfarin, ya faɗi ranar da za a koma shan su. Kar a koma da ka.

Kayan da za a saya: jakar fitsari babba ta dare da ƙarama ta ɗaurawa a ƙafa, a ƙara da ɗaya ko biyu na ajiya, filasta, safar hannu, auduga da bandeji, ma'aunin zafin jiki, ledar shimfiɗa a kan katifa, da maganin laushin bayan gida da likita ya rubuta. Waɗannan ba su ne masu cin kuɗi ba. Inda kuɗi ke zurarewa a hankali shi ne famfas na manya na watanni, kuɗin motar zuwa ganin likita, gwajin naman, da gwajin jini da za a riƙa maimaitawa shekara da shekaru. In kana da inshorar NHIA ko ta KSCHMA ta jihar Kano, je teburinsu ka tambaya me suka ɗauka me ba su ɗauka ba, kuma duk rasit a adana.

Gargaɗi: kar ku sayi famfas katan-katan tun yanzu. Sai an cire roba za a san yawan yoyon, wani ma ƙaramin ƙunzugu ya ishe shi. Fakiti ɗaya ya isa a fara.

3. Hanyar gida da shirya ɗaki

A nemi mota, ba adaidaita sahu ba, balle babur. Ramukan cikin gari kaɗai sun isa su sa fitsari ya koma jini. A sa filo a kan mara ƙarƙashin bel, direba ya bi a hankali.

A gida a ba shi gado mai ɗan tsayi, don tashi daga katifar ƙasa yana matse ciki sosai. In ɗakinsa a bene yake ya sauko ƙasa na ɗan lokaci, ko ya riƙa hawa sau ɗaya a rana a hankali. Banɗaki shi ne babba. In na tsugunno ne a sayi kujerar nan mai rami da ake ɗorawa a kai, ko kafinta ya huda kujerar katako, ba wani abin kunya ba ne. A cire duk abin da zai sa santsi, a ajiye fitila mai caji kusa da gado saboda wutar nan da ba ta da tabbas.

4. Robar fitsari

Nan zan daɗe don nan ne aka fi yin ɓarna. Yawanci robar tana zama sati 1 zuwa 2, wani lokacin har 3. Ba don fitar da fitsari kawai aka sa ta ba, ita ce ke riƙe da ɗinkin nan na ciki a miƙe har ya kama. A can cikin mafitsara akwai ɗan balan-balan da aka cika da ruwa, shi ke hana ta zamewa, in aka fizge ta da ƙarfi balan-balan ɗin zai biyo ta kan ɗinkin.

Kullum jakar ta kasance ƙasa da mara, ko a tsaye ko a zaune ko a kwance, in ta hau sama fitsari zai koma ciki da ƙwayoyin cuta. Amma kar a yar da ita a ƙasa, a rataye a gefen gado ko a sa ta cikin bokiti mai tsabta. A manne tiyon a cinya da filasta, a bar masa ɗan sako-sako yadda in ya motsa ba zai ja ba. A juye fitsarin in jakar ta wuce rabi, kar a jira ta cika tam. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan, kuma bakin da ake juyewa kar ya taɓa masai. Safe da yamma a wanke kan gaba da inda robar ta shiga da ruwa da sabulu mara ƙamshi, a goge tiyon daga jiki zuwa waje. Da rana a sa ƙaramar jaka a ƙafa, jallabiya ko wando mai faɗi sun rufe komai, ba wanda zai sani.

Abubuwan da ke tsorata mutane amma ba komai ba ne: fitsari ya ɗan yi jaja-jaja bayan tafiya ko bayan gida, ɗan fitsari ya ɓullo ta gefen robar, ka ji kamar fitsari ya matse ka alhali roba na ciki, mara ta ɗan murɗa ta saki. Maraina ma kan kumbura su yi duhu na 'yan kwanaki, a naɗe ƙaramin tawul a tallafe su in an kwanta. Ruwa shi ne maganin yawancin wannan, lita 2 zuwa 3 a rana, in lokacin zafin Kano ne na watan 3 zuwa 5 har a ɗan ƙara, sai dai in akwai ciwon zuciya ko na ƙoda da likita ya ƙayyade ruwa.

Abubuwan da ba a kwana da su: fitsari ya tsaya cak na awa 2 ko fiye ga mara tana kumbura, bayan an duba tiyon bai lanƙwashe ba. Jini jajir mai gudaji. Zazzaɓi da ya kai 38 ko rawar ɗari. Robar ta fita da kanta.

Gargaɗi, kuma wannan a rubuta shi da manyan baƙi: in robar ta toshe ko ta fita, kar a kira mai kemis na layi, kar a kira maƙwabcin nan da ke aikin asibiti ya zo ya mayar. Ko ya iya sa roba ga kowa, wannan daban ce, in ya tura a makance zai iya ratsa ɗinkin. Likitocin mafitsara ne kaɗai za su taɓa ta. Ko wani asibitin kuka je ku fara cewa an cire masa furostet ne kwana kaza da suka wuce.

5. Ciki da bayan gida

Duburar mutum tana manne da inda aka yi aikin, bango ɗaya ne tsakaninsu. Shi ya sa yunƙuri a banɗaki yake da haɗari, kuma taurin bayan gida kusan kowa yana samu saboda kwanciya da magungunan ciwo, musamman tramadol da masu codeine. Kwana 2 ko 3 ba a yi ba bayan aiki ba abin tashin hankali ba ne, amma kar a zauna jira, a fara shan maganin laushi irin lactulose tun ranar farko in an rubuta.

Abinci a fara da mai sauƙi, kunu, farfesun kaza ko na kifi mara yaji sosai, faten doya ko na dankali, sannan a koma tuwo da miyar kuɓewa ko kuka ko zogale. Gwanda da kankana da lemon ɓawo da dabino suna taimakawa. Ƙwai, wake, kifi da nono suna gina jiki ciwo ya warke, sai dai wake a shigo da shi kaɗan-kaɗan saboda kumburin ciki. Burodi da shayi safe da dare, ga gurasa ga tsire, wannan hanyar taurin ciki ce. Mai suga ya ƙara sa ido a kan awonsa don suga in ya hau ciwo ba ya kamewa, kuma 'yan dubiya ba abin da suka fi kawowa irin lemon kwalba da maltina.

Gargaɗi: ba a tura komai ta dubura na tsawon makonni, ba maganin matsi, ba ruwan sabulu, ba na basir da ake turawa. Haka jiƙe-jiƙen wankin ciki na masu tallar magani a mota, a bar su.

6. Tafiya, kwanciya da ɗaukar kaya

A gidajenmu in mutum ya yi tiyata so ake ya kwanta a yi ta masa sannu. Wannan gatan yana kashewa. Kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Tun a asibiti za a tashe shi ya taka washegarin aiki, toh a gida a ci gaba. Satin farko minti 5 zuwa 10 a tsakar gida sau 4 ko 5 a rana, sati na biyu a leƙa ƙofar gida zuwa bakin layi, kullum a ɗan ƙara. Da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. In yana zaune ya riƙa motsa ƙafa sama da ƙasa, kar ya wuce awa 1 bai miƙe ba. In an rubuta allurar tsinka jini ta gida a kammala ta.

Tashi daga gado, a juya gefe tukuna, a sauko da ƙafafu, a tura jiki da hannu. In tari ko atishawa ta zo a danne mara da filo.

Ɗaukar kaya, kar ya wuce kilo 5 har sati 6. Jarkar ruwa ta 'yan garuwa lita 25 kilo 25 ke nan, bokitin wanka a cike ma ya wuce ƙa'ida, haka jika in ya rugo a guje yana Kaka ɗauke ni. Ba jan guga, ba tayar da janareta, ba tura mota. Banda ɗinkin ciki, gwaiwa ma tana iya biyo bayan irin wannan aikin.

Gargaɗi: ƙafa ɗaya ta kumbura, ko sha-raɓa ta yi zafi da ciwo, kar a murza kar a gasa, a tafi asibiti. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗau ciwo farat ɗaya, ko tsakar dare ne a fita.

7. Ciwon waje da wanka

Wannan mai sauƙi ne. Wanka da zarar likita ya ba da dama, a zuba ruwa ya gangara, a dafa da tawul mai tsabta ba gogewa ba. Zare ko ƙarfen ɗinki ana cirewa tsakanin kwana 7 zuwa 14. Ba a shafa man kaɗanya ko zuma ko man zafi, ba a gasa wurin da ruwan zafi irin na masu jego. In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko wari, a koma. Na ciwo paracetamol yana isa ga yawancin mutane bayan 'yan kwanaki, amma kar a wuce ƙwaya 8 ta 500 a awa 24, kuma diclofenac da ibuprofen sai an tambaya.

8. Sallah da 'yan dubiya

Dattawa da yawa wannan ya fi damunsu fiye da ciwon. Addini ya yi sauƙi a nan, hadisi ne ingantacce cewa ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Satuttukan farko a yi a kan kujera da nuni, don ruku'u da sujada da miƙewa daga ƙasa duk suna matse mara kuma suna jan roba. Mai roba da mai yoyon fitsari masu uzuri ne, a mazhabar Malikiyya da muke bi yoyon da ya zama shi ne mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace sallah. Ka samu malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa halinka ba ɓoye-ɓoye. Masallaci kuma a fara da na ƙofar gida bayan an cire roba, a tsaya gefen sahu da kujera, cunkoson Juma'a a ɗan jinkirta. In azumi ya riske ka cikin jinya ka sha ka rama, don ruwan da jikinka ke buƙata ba zai samu tsakanin magariba da asuba kaɗai ba.

Dubiya lada ce, amma mutum 30 a rana su cika ɗaki, Alhaji yana zaune ƙyam yana amsa ya jiki alhali jaka ta cika yana jin nauyin ya ce a ba shi wuri, wannan wahala ce. Uwargida ko babban ɗa su tsayar da lokaci, bayan la'asar misali, mai mura ya gaisa daga ƙofa. Kuma kowane mai dubiya da maganinsa yake zuwa, wannan ya ce sassaƙe kaza, wancan ya ce wani mai magani a ƙauye kaza ya warkar da wane. A ce an gode Allah ya saka, a ajiye. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, abin sha ne ba a so a haɗa ba da sanin likita ba, wasu suna tsinka jini wasu suna taɓa ƙoda.

9. Ranar cire roba da yoyon fitsari

Cirewar ba ta kai minti 5 ba, za a zuƙe ruwan balan-balan ɗin a zare ta, ɗan zafi kaɗan. Ku tafi da famfas da wandon canji. Ina faɗa tun yanzu don kar hankali ya tashi a hanya: kusan kowa yana yoyo a farko. Wani ɗigo ne in ya yi tari ko ya miƙe, wani kuma kamar ba shi da iko sam. Dalili, cikin abubuwan da ke riƙe fitsari an tafi da wani tare da furostet, saura tsoka ɗaya a ƙasa wadda ita ma roba ta gajiyar da ita. Sai ta koyi aikin ita kaɗai. Yawancin maza suna ganin canji sosai cikin wata 3, wasu 6, akasari kafin shekara sun daina ko ya zama ɗigo kaɗan. Ana fara bushewa da dare, sannan da safe, yamma ce ta ƙarshe saboda tsokar ta gaji.

Motsa tsokar shi ne aikin. Ka kwanta ko ka zauna, ka matse kamar kana riƙe tusa a cikin mutane kuma kana tsayar da fitsari a lokaci guda, za ka ji maraina sun ɗan ɗaga sama. Ka riƙe ka ƙirga 5, ka saki ka ƙirga 5, sau 10. A yi haka sau 3 a rana, ni ina ba da shawarar a ɗaura shi da sallah, bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i, don ba a mantawa. In ka saba ka kai ƙirgan 10, ka koma yi a tsaye. Sannan ka koyi matsewa kafin ka miƙe, kafin tari, kafin ka ɗaga buta.

Kurakuran da ake yi: riƙe numfashi, matse ciki ko ɗuwawu ko cinya maimakon wurin, yin sau 200 a rana don a yi sauri sai tsokar ta gaji yoyo ya ƙaru, da mayar da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama shi ne motsa jikin. Kuma ba a yin sa sam lokacin da roba ke ciki. Wani kuskuren shi ne daina shan ruwa don kar a yi yoyo, fitsari sai ya yi kauri ya ƙona mafitsara abin ya ƙaru. A sha da rana, a rage awa 2 kafin barci. Goro, kofi, shayi mai kauri irin na majalisa, lemon kwalba da yaji mai yawa duk suna tsokanar mafitsara, a rage. A riƙa canza famfas da wuri a wanke a shafa Vaseline don zafin garin nan yana sa fata ta saɓule.

Gargaɗi: in bayan cire roba awa 6 ta wuce fitsari ya ƙi fita ga mara ta cika, a koma nan take. In kuma bayan wasu makonni ka ga fitsarin yana ta sirancewa sai ka yi yunƙuri, wataƙila wurin ɗinkin ne ya tsuke, ana gyarawa, kar a bari sai ya toshe. Yoyon da ya kai shekara bai ragu ba shi ma akwai abin da ake yi masa, a faɗa.

10. Tuƙi, kasuwa da tafiye-tafiye

Ba tuƙi in roba na ciki ko ana shan maganin ciwo mai sa barci. Bayan nan ma sai ka tabbata za ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da ka ji mara ba, ga yawanci sati 2 zuwa 4 ne. Babur da keke su ne na ƙarshe, a ƙalla sati 6 kuma da izinin likita, don sirdin daidai wurin aikin yake dannawa.

Mai aikin ofis zai iya komawa tsakanin sati 3 zuwa 6, ya fara da rabin yini. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa ko Dawanau zai iya zuwa ya zauna ya ga ciniki, amma dila da buhu da katan na yara ne, kuma matsalar ita ce in mutum ya ga yaro yana wasa da kaya sai ya manta ya kai hannu. Manomi, magini, makaniki, sati 6 zuwa 8. Gajiya za ta riƙa zuwa ba sallama har wata 2 ko 3, a yi ƙailula. Tafiyar Kaduna ko Abuja a mota a riƙa tsayawa duk awa 1 zuwa 2 a taka. Umara da Hajji a tambayi likita kafin a biya kuɗin kujera.

11. Maganar iyali

Ita ce wadda ba a tambaya a gaban 'ya'ya, don haka ranar ganin likita a bar Alhaji ya shiga shi kaɗai ko da matarsa na ɗan lokaci. Jijiyoyin da ke tayar da gaba a jikin furostet suke manne, ko likita ya yi ƙoƙarin barin su sai sun ɗan suma. Dawowarsu tana ɗaukar watanni, har shekara 1 zuwa 2, kuma ya danganta da shekaru, da yadda ƙarfin yake kafin aiki, da suga da hawan jini, da ko an iya barin jijiyoyin. Ga wasu ba ya dawowa kamar da sai da taimako. Ana iya kusantar iyali bayan sati 4 zuwa 6 in likita ya yarda. Sha'awa tana nan, jin daɗi ma yana nan, amma maniyyi ba zai ƙara fita ba, kuma haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Wani ɗan fitsari kan ɓullo a lokacin, a yi fitsari kafin a fara. Kansar ba ta bin mace, wannan a cire shi a rai.

Hajiya, ki sani ba ƙin ki yake ba, kuma ba asiri aka yi masa ba. Mai mata fiye da ɗaya ya zaunar da kowacce ya faɗa mata da bakinsa, in ba haka ba kowacce za ta ɗauka a ɗakinta ne kawai abin yake faruwa. In kun ga ya daina fita, ya daina magana, barci ya ƙaurace, a faɗa wa likita shi ma.

Gargaɗi: akwai magani na gaskiya irin sildenafil da tadalafil, akwai na'urar zuƙo, akwai allura, likita ne ke zaɓa. Mai shan maganin ciwon zuciya na nitrate in ya haɗa da waɗannan ƙwayoyin jininsa zai iya faɗuwa warwas. Na ƙarfin maza da ake talla a bakin kasuwa da lasifika kuwa ba ka san me aka zuba ba, wasu ma irin wannan ƙwayar ce aka daka a ciki ba awo. Duk wani mai ɗauke da sinadarin maza, haramun ne gare ka a likitance, shi ne abincin kansar.

12. Gwajin PSA

Sakamakon naman da aka cire shi zai nuna ƙarfin kansar da ko ta taɓa gefen inda aka yanka, a karɓo shi a kai wa likita, kar a bar shi a leda a ƙarƙashin katifa. Sai gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet da kansarta ke fitarwa a jini, na farko wajen sati 6 zuwa 8 bayan aiki. Tunda an cire furostet ana so ya sauka ƙasa da 0.1. Kar ka duba takardar ka ga an rubuta 0 zuwa 4 daidai ne ka ce ai lafiya lau, wancan awon na masu furostet ne. A gare ka in ya kai 0.2 kuma aka maimaita ya tabbata, alama ce akwai saura, kuma a wannan matakin ana tarar sa da gashi na na'ura (radiotherapy) ko allurar rage sinadarin maza tun jiki bai ji komai ba.

Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, daga baya shekara-shekara. A riƙa yi a ɗakin gwaji ɗaya don injina suna ɗan bambanta, a rubuta kwanan wata da lambar a littafin nan na ranar sallama. Ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi tafiya, rama ba dalili, ko ƙafafu su rasa ƙarfi, ba a jiran ranar kilinik.

Ɗan da ke rako Baba asibiti shi ma ya ji: wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan cutar haɗarinsa ya kai ninki biyu, kuma baƙar fata dama mun fi kamuwa. In ka kai 40 zuwa 45 ka yi wa likitan maganar naka gwajin a ranar da kuka zo na Baba, ƙannen Baba ma a kira su a faɗa musu.